Komawa bakin aiki da ɗanyen goyo: wa ya riƙe miki jariri?

Malamar makarantar kuɗi, Kano:
Assalamu alaikum 'yan'uwa mata. Hutuna na haihuwa ya kusa ƙarewa, shi ya sa nake roƙon duk wadda ta taɓa komawa aiki da ɗanyen goyo ta faɗa mana wanda ya riƙe mata yaro da yadda ta ci gaba da shayarwa. Dokar ƙwadago ta Najeriya mako 12 ta ba mace, shida kafin haihuwa, shida bayanta, kuma rabin albashi ne mafi ƙarancin abin da ta wajabta a biya ta. Ke nan idan aka bi dokar yadda take, mace na gama arba'in sai ta ɗauki jaka. A asibiti kuwa ana jaddada mana nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ɗiga masa. Na rasa yadda ake haɗa waɗannan biyun.

Ma'aikaciyar jinya, Zariya:
Wa alaikumus salam, Malama, Allah ya raya. Ni na ci moriyar hutun wata 6 da gwamnatin Kaduna ta ba ma'aikatanta mata tun 2019, kuma ba zan raina shi ba, domin sai da yarinyata ta fara shan koko sannan na koma. Amma wahalar tana jiran mutum a aikin dare. Kafin in fita da yamma nakan tatsa nono a kofi mai murfi, in sa shi cikin kula tare da ƙanƙarar da na saya a maƙwabta, tunda ba a dogara da wuta, sannan in miƙa wa surukata ita da yarinyar. Da farko Hajiya ta ƙi karɓa sam, ta ce ita ba ta taɓa ganin an ba ɗa nonon da ya bar jikin uwarsa ba. Ban yi jayayya da ita ba. Na roƙi wata ungozoma tsararta ta zo ta yi mata bayani, kuma daga bakinta ta yarda. Da asuba a ɗakin marasa lafiya ƙirjina kan cika har ya jiƙa farar rigata, ina duba jariran wasu, hankalina yana kan tawa. Ga shi kuma idan dare ya faɗo a ranar girkina, sai na nemi alfarmar abokiyar zamana mu yi musaya, kuma ba kullum ake samun fuska ba.

Ma'aikaciyar gwamnatin tarayya, Abuja:
Yaya, ke kin dace da kina da suruka a kusa. Mu da aiki ya kawo Abuja ba mu da kowa. Na sami kusan wata huɗu, maigidana ma ya ɗauki hutun kwana 14 da gwamnatin tarayya ta amince wa maza a 2021, ya kuma taimaka ƙwarai. Da hutun ya ƙare, kuɗin gidan rainon da ke kusa da ofishinmu ya yi mana nauyi, sai aka aiko mini da 'yar raino daga ƙauye, yarinyar da ko nono ba ta fara ba. Wata rana na dawo na tarar ta yi barci a zaune da yaron goye a bayanta, ga littafin 'yar maƙwabta a buɗe a cinyarta tana koyon baƙi. Wannan al'ada tana damuna matuƙa: muna neman haƙƙinmu na yin aiki da iliminmu, alhali ana cire 'yar wani daga makaranta domin mu samu mu fita. Na mayar da ita gida da sharaɗin zan ɗauki nauyin karatunta, na ɗauki wata dattijuwa bazawara da albashi. Kuɗin ya fi yawa, amma wannan hanyar nake ba kowa shawara ya bi.

Ma'aikaciyar kamfani, Maraɗi:
A Nijar hutun haihuwa mako 14 ne. Na yi wankan jego a gidanmu, kuma da na koma aiki Inna ce ta riƙe yaron, nakan hau kabu-kabu da tsakar rana in je in ba shi nono in dawo.

Tsohuwar shugabar makaranta, Katsina:
'Ya'yana, mu ma mun yi aiki da goyo, sai dai a babban gida muka yi shi, inda kakar yaro da matan 'yan'uwan miji suke tsakar gida ɗaya, ba a rasa bayan da za a ɗora shi. Ku yanzu kowace tana gidan haya daga ita sai mijinta, don haka nauyin da mata biyar suke rabawa ya hau kan mace ɗaya, kuma har yanzu ana jiran ta dawo ta ɗora tukunya. Lokacin da nake shugabanci na ware ɗaki ɗaya kusa da ofis, muka shimfiɗa tabarmi, malamai masu goyo suka haɗa kuɗi suka ɗauki mai raino guda, kowace takan leƙa a lokacin tara. Malama, ki haɗa kan abokan aikinki ku kai wa mai makarantarku wannan buƙata a rubuce, kuma ku nemi rabin awa sau biyu a rana na shayarwa, domin dokar ƙwadagon da kika ambata ta tanade shi.