Wai braggadocio Italiyanci ce?

Ɗan Fagge: Jama'a ku raba mu gardama da ƙanina. Yana karatun jarrabawa ya ci karo da braggadocio, na ce masa kalmar Italiyanci ce Turawan Ingila suka aro don nufin cika baki, shi kuma wai malaminsu ya ce ba haka ba. Ku saurari ƙarshenta mana, ina Turanci a nan?

Malam na Zariya: Yaron ya fi ka gaskiya. Mawaƙin Ingila Edmund Spenser ne ya ƙirƙiro ta a The Faerie Queene a 1590, sunan wani mutum ne a cikin waƙar, Braggadocchio, matsoraci na ƙarshe, ya sace doki da mashin wani jarumi mai suna Guyon ya hau yana yawo yana faɗa wa duniya shi ma barde ne. Brag ɗin kam Turanci ne tun ƙarni na 14, jelar kawai ya ɗauko daga Italiyanci.

Ɗan Fagge: To ai Malam ka dawo kan maganata kenan, tunda jelar tasu ce

Malam na Zariya: A'a fa. Su Italiyawa in za su ce mai cika baki spaccone suke cewa ko sbruffone. Je ka Roma ka ce braggadocio ka ga ko za a kula ka.

Maman Biyu: Ni dai wlh a bakin Trump na fara jin braggadocious, a muhawararsa da Hillary Clinton a 2016, har yanzu gani nake shi ya haɗa abinsa don ta yi kama da shi sosai

Malam na Zariya: Hajiya ba shi ba ne, Amurkawa na faɗarta tun ƙarni na 19, shi dai ya tono ta ne aka yi ta dubawa a ƙamus. Abin dariyar ma yaron Braggadocchio a waƙar sunansa Trompart.

Bazamfare: Ku bar asali, fassarar fa? Ni kirari zan ce, ai masu rap na Amurka braggadocio suke kiran salon yabon kai nasu.

Maman Biyu: Haba yaya, kirari kuma? Ɗan dambe in ya gama kirari fili yake shiga a buge shi ko ya buge, wannan kuwa doki ya sata ya ga faɗa ya gudu. Fankam fankam ba shi ne kilishi ba. Burga ce kawai, ko kuri.

Bazamfare: To mai rap ɗin da ya ce yana da kuɗi kuma da gaske yana da su, shi ma burga yake?

Ɗan Fagge: Ni duk ba wannan ba, kar wanda ya tura wa ƙanina hirar nan don ɗari biyar muka sa