Gardamar ƙwallo ta koma zagin aƙida a gidan kallona, doka na da ta cewa?

Mai Gidan Kallo, Tawa:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka san shari'a.

Shekara shida ke nan ina riƙe da gidan kallon ƙwallo a nan Tawa. Rumfar kwano ce, benci goma sha biyu, tele biyu da ɗan injin wuta. Dala ashirin ake shiga, ranar babban wasa dala arba'in. Zagi kam kunnena ya sha shi. Ɗan Madrid ya ce Barsa sayen alƙalan wasa take yi, ɗan Barsa ya ce kofunan Madrid na sata ne, a yi ta kumfar baki, a tashi a sha shayi tare. Wannan bai taɓa hana ni barci ba, shi ne gishirin sana'ar.

Ranar kilasikon da ya wuce, wato wasan Madrid da Barsa, abin ya sauya. Barsa ta jefa ƙwallo, wani yaro tela ya miƙe yana sumbatar tambarin rigarsa, mai ɗauke da kuros, wato gicciye. Sai wani daga bencin baya ya ɗaga murya ya ce: "Kuros kake sumbata, ba mamaki, ku dama ƴan bidi'a kun saba." Yaron ɗan ɗariƙa ne, a ƙofar gidansu ake wazifa, kowa ya sani. Ya juyo ya rama da ƴan Izala masu kafirta iyayensu, da wasu kalmomin da ba zan rubuta ba. Kafin in kai hannu in rage sautin tele rumfar ta rabu biyu, kuma ba Madrid da Barsa ba. Da idona na ga mai farar rigar Madrid ya tsallake benci ya tsaya bayan ɗan Barsa, don masallacinsu ɗaya. A nan gabana ya faɗi.

Benci ɗaya aka karya, jini bai zuba ba. Washegari na bencin baya ya saki murya ta minti uku a gurup ɗin WhatsApp na fadarsu, ya kama sunan yaron, da na ubansa, da na shehinsu. Muryar ta yi ta yawo har ta kai kunnen uban. Da hantsi ya same ni ina shara, ya ce komisariya zai tafi, kuma ni ne shaidarsa.

To, wannan zagi laifi ne a doka ko gardamar ƙwallo ce kawai? In goyi bayan tsohon ya kai ƙara, ko in ba shi haƙuri?

Tsohon Ɗan Kasuwa, Tawa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, ka tare dattijon nan kahin ya tahi. Mu da munka tashi cikin wasan taubasai mun san zagi kala biyu ne. Bahillace ya gamu da Babarbare ya ce mai bawana, Buzu ya ga Bazabarme ya ƙare mai tanadi, a yi dariya a wuce, don gado ne anka taras, kowa ya san iyakarshi. Har majalisar UNESCO ta sa wasan nan namu cikin kayan gadon duniya a 2014. Amma ban taɓa jin taubashi ya taɓa sallar taubashinshi ba. Abin da yaran nan sunka yi ba wasa ba ne, maganar da suke ji a wani wuri ce sunka kawo rumfarka.

Komisariya kuwa, shiga babu wuya. In anka kulle yaron nan, gidajen biyu sun ɓata ke nan har jikoki, kuma za a ce ɗariƙa ta ɗaure ɗan Izala, ba za a ce mai zagi anka ɗaure ba. Ka nemi mai unguwa, ya kira limaman biyu. Yaro ya tahi gidan tsohon da ƙafarshi ya durƙusa.

Ɗalibar Shari'a, Yamai:

Baba ya yi gaskiya kan sulhu, amma Yaya ya tambayi doka, bari in ba shi doka.

Ba mu da wata doka ta musamman kan ƴan kallon ƙwallo, kuma ba ma buƙatarta kafin a kama mutum. Aya ta 102 ta kundin hukunta laifuka na Nijar ta tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ga nuna wariyar launi ko ta ƙabila, da farfagandar ɓangaranci, da duk wani abu da ya saɓa wa ƴancin aƙida da na ibada wanda zai iya haɗa ƴan ƙasa faɗa. Ka lura da ƙarshen nan: zai iya haɗa ƴan ƙasa faɗa. Rumfarka da ta rabu biyu, ita ce hujjar da alƙali zai duba.

Sai dai abin da ya fi zama haɗari ga yaron ba ihun cikin rumfa ba ne, muryar WhatsApp ce. Ihu iska ta ɗauke, murya tana cikin salula ɗari. Dokar laifukan intanet ta 2019 ta hukunta zagi da ɓata suna ta waya. A 2022 an cire ɗauri daga waɗannan laifuka biyu aka bar tara, a watan Yunin 2024 aka mayar da shi: shekara 1 zuwa 3 a gidan kaso, da tara daga miliyan 1 zuwa miliyan 5 na sefa. In kuma aka ɗauki saƙon a matsayin mai tada zaune tsaye, hukuncin ya fi haka nauyi, kuma wanda ya tura wa wasu ma bai tsira ba. Ka faɗa wa ƴan fadar nan su daina turawa.

Abu ɗaya da tsohon ya kamata ya sani kafin ya ɗaga ƙafa: in takarda ta kai teburin mai gabatar da ƙara, ba shi ke da maganar ba kuma. Ko zuciyarsa ta huce ya ce ya yafe, ba lallai ne hakan ya tsayar da shari'ar ba. Kai kuma Yaya, in an kira ka shaida, abin da ka ji za ka faɗa, har da ramuwar da ɗansa ya yi.

Ba'adare a Glasgo:

Malam mai gidan kallo, labarinka ya sa ni murmushi mai ciwo, don karatu ya kawo ni garin da wannan cuta ta yi sheƙa. A nan Glasgo ta Sikotilan, Rangers (1872) ta Furotesta ce a al'ada, Celtic kuma wani malamin Katolika ɗan Ailan, Brother Walfrid, ya kafa ta a 1887 don ciyar da talakawan ƴan ci-ranin Ailan. Dukkansu Kiristoci, kamar yadda yaranka dukkansu alƙibla ɗaya suke kallo. Sai 1989 Rangers ta sayi fitaccen ɗan wasa Bakatolike, Mo Johnston, wasu magoya bayanta suka ƙona gyalen ƙungiyar don haushi. Ranar da za su kara, abokan zamana kan ce kada in fita da kore (launin Celtic) ko shuɗi (launin Rangers) a wasu unguwanni.

Shekarar 2011 ce ta kai su bango. A watan Maris an kori ƴan wasan Rangers uku a wasa ɗaya, masu horarwa suka kusa ba hammata iska. An aika wa Neil Lennon, kocin Celtic, ƙunshin bam ta gidan waya. A watan Mayu wani ɗan kallo ya tsallako ya far masa a filin ƙungiyar Hearts, ana gani a tele kai tsaye. Majalisarsu ta yi gaggawar yin doka ta musamman kan munanan ɗabi'u a wurin ƙwallo da saƙonnin barazana, ta fara aiki 1 ga Maris 2012, da ɗauri har shekara 5.

Ba ta yi tsawon rai ba. Jam'iyyar da ke mulki ce kaɗai ta zaɓe ta, ƙuri'a 64 da 57. Lauyoyi suka ce kalmominta sun yi faɗi, don ta haramta har abin da mai hankali zai iya ɗauka cin fuska ne, to wa zai auna wannan? Ƴan kallo suka ce an ware su: waƙar da za ka rera a titi ran Litinin ba komai, ran Asabar a filin wasa ta zama laifi. Magoya bayan ƙungiyoyin biyu, da ba sa ga maciji, kowa ya tsane ta. A Maris 2018 aka soke ta da ƙuri'a 62 da 60.

Kada ka ɗauka soke ta ya halatta zagin. Tun 2003 suna da tanadin cewa in ka yi laifi, ko da na tada hankalin jama'a ne, aka tabbatar ƙiyayyar addini ce ta tunzura ka, alƙali zai ƙara nauyin hukunci. Kotu na iya hana mutum shiga filin wasa har shekara 10. A nawa ganin wannan hanin ya fi tara ciwo. Haka ma a Agustan 2019 da UEFA, hukumar ƙwallon ƙafa ta Turai, ta sa aka rufe kujeru 3,000 a Ibrox, filin Rangers, saboda waƙoƙin ɓangaranci: waɗanda ba su yi waƙa ba su ma sun rasa kujera, suka fara hararar maƙwabcinsu in ya buɗe baki. Kai ba ka da kotu, amma kana da ƙofa, kuma kai ke karɓar dala ashirin.

Barsa Har Kabari, Tawa:

Haba jama'a, bam kuma? Ina can ranar. Zafin ci ne kawai, mutumin an zura musu ƙwallo ya rasa abin faɗa. Kuma maganar kuros ɗin ma shirme ce, kambin da ke tambarin Madrid shi ma da ɗan kuros a samansa, sai da suka cire shi a kayan da suke kaiwa ƙasashen Larabawa. Oga, in ka fara korar mutane kan baki, kai da tele kawai za ku rage.

Ɗalibar Shari'a, Yamai:

Ƙanena, zafin ci ba ya kwana ya tashi ya yi murya ta minti uku yana zagin uban wani. Su Madrid da Barsa ɗin ma a ƙasarsu ba a ƙyale baki ba: a Yunin 2024 kotu ta yanke wa magoya bayan Valencia uku ɗaurin wata 8 kan zagin launin fata da suka yi wa Vinicius, ɗan wasan Madrid.

Mai Gidan Kallo, Tawa:

Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Baba, na bi taka. Mun zauna a zauren mai unguwa bayan la'asar. Limamin ɗariƙa ya zo da kansa, na Izala ya aiko na'ibinsa. Na karanta musu abin da ƙanwarmu ta rubuto, daidai wajen miliyan 5 uban mai muryar ya cire hula ya share zufa. Yaron ya durƙusa ya ba da haƙuri, ya sake wata murya a gurup ɗin yana janye maganarsa. Ta daƙiƙa ashirin ce, kuma ba ta yi yawo kamar ta farko ba.

Tsohon ya fasa zuwa komisariya, amma bai miƙa wa yaron hannu ba.

Ni kuma na hana su shiga su biyun har ƙarshen kakar wasa. Telan ya ce na zalunce shi tunda ba shi ya fara ba, wataƙila yana da gaskiya, har yanzu ina juya abin a raina. Na sa an rubuta a allo bakin ƙofa: a zagi ƙungiya, ban da addini, ban da iyaye. Asabar ɗin nan ƴan fadar mai muryar ba su zo ba, benci biyu babu kowa, sun koma kallo wata rumfa bayan tasha. Kuɗin bencin da aka karya jaka uku ne, har yau ba wanda ya ce shi zai biya.