Shigar coci lokacin sanyi, a ba ni shawara

Ƴar Mawaƙa: Ƴan uwa mata don Allah ya kuke yi ranar Lahadi? Ina son doguwar riga ta mutunci amma sanyi ta ƙasa yake shiga, ƙafafuna har ƙandarewa suke kafin a gama wa'azi.

Maman Biyu: Ƙanwata sa dogon wando mai kama jiki a ciki, babu mai gani, ki ɗora siket mai kauri da safar ulu. Banda auduga a ciki fa, tana riƙe gumi sai sanyin ya ƙaru.

Anti Kwaya: Gaskiya ne, kuma sirara biyu ko uku sun fi babba guda ɗaya don in an kunna hita sai ki cire ta sama. Mayafi mai kauri ya rufe miki wuya.

Ƴar Mawaƙa: Na gode Mama, takalmi fa?