Idan kwamfuta tana iya hasashen siffar furotin, me ya rage wa masu bincike?

Ɗalibar Kimiyyar Halitta ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina roƙon malamai su warware mini wani abu da ya tsaya mini a rai. An koyar da mu cewa kowane furotin sarƙa ce da aka jera da ƙananan sinadarai iri 20 da ake kira amino asid, cewa jerin ne ke ƙayyade yadda sarƙar za ta nannaɗe, kuma siffar da ta ɗauka ita ce ke ƙayyade aikin da za ta yi a jiki. A shekarar 2020 manhajar AlphaFold ta kamfanin DeepMind ta nuna a gasar hasashen siffar furotin ta CASP cewa tana iya hasashen wannan siffa daga jerin kaɗai, zuwa 2022 an fitar da hasashen furotin sama da miliyan 200, sannan a 2024 Demis Hassabis da John Jumper suka raba kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai da David Baker. To, idan siffa ce mabuɗin aiki, kuma ga siffar ta samu cikin sauƙi, me ya sa har yanzu cututtukan da furotin ke haddasawa suke gagarar magani, kuma me ya sa masana'antu ba su iya ƙera zaren da ya yi daidai da na gizo-gizo ba? Ina da niyyar shiga wannan fanni, amma ina tsoron kada a ce an riga an gama aikin.

Malamin Nazarin Ƙwayar Halitta ya amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ba a gama ba, kuma dalilin yana cikin ka'idar da kika ambata. Christian Anfinsen ne ya kafa ta, lokacin da ya warware wani ƙaramin enzayim (furotin mai hanzarta haɗuwa ko rabuwar sinadarai) mai suna ribonukiliyas da sinadarai, ya janye sinadaran, sai enzayim ɗin ya koma siffarsa da kansa ya ci gaba da aiki. Wannan ya ba shi kyautar Nobel a 1972. Amma ki lura da yanayin gwajin: furotin ɗaya ne, ƙarami, tsaftatacce, a cikin ruwa mai yalwa. Cikin ƙwayar halitta ba haka yake ba. A can manyan sinadarai sun cika wuri ƙwarai, har nauyinsu yakan kai daruruwan giram a kowace lita, kuma sarƙar takan fara nannaɗewa tun tana fitowa daga ribosom, wato injin da ke haɗa furotin a cikin ƙwayar halitta, kafin a gama haɗa ƙarshenta. Saboda haka ne ƙwayar halitta take da wasu furotin masu rakiya, irin su Hsp70, waɗanda aikinsu shi ne riƙe sabuwar sarƙa don kada ta manne da maƙwabtanta kafin ta kammala. Wadda ta lalace kuma ana liƙa mata alamar yubikwitin a tura ta inda za a narkar da ita, tsarin da Aaron Ciechanover da Avram Hershko da Irwin Rose suka samu Nobel a kansa a 2004.

Abu na biyu shi ne, AlphaFold bai koyi dokokin nannaɗewa daga tushe ba. Ya koya ne daga siffofin da mutane suka gano da hannunsu tun daga 1958, lokacin da John Kendrew ya fitar da siffar mayogulobin, furotin mai riƙe oksijin a tsoka, ta hanyar hasken eksire, waɗanda aka riƙa tarawa a rumbun ajiyar siffofin furotin na PDB da aka buɗe a 1971 da siffofi bakwai kacal, yanzu kuma ya haura 200,000. Mafi yawan waɗannan siffofi an same su ne daga furotin da aka daskarar ya tsaya cik. Manhajar tana ba ki inda sarƙar za ta ƙare, ba ta ba ki hanyar da ta bi ko tsawon lokacin da ta ɗauka ba, kuma galibi siffa ɗaya take bayarwa alhali furotin da yawa suna aiki ne ta hanyar sauyawa tsakanin siffa biyu ko fiye. Akwai ma kaso mai yawa na furotin ɗan'adam, kusan kashi ɗaya bisa uku, da ke da dogayen sassa marasa tsayayyar siffa kwata-kwata, kuma da waɗannan sassa ake gudanar da ayyuka masu muhimmanci na isar da saƙo a cikin ƙwayar halitta.

Likitan Cututtukan Jini ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa, ni kuma zan kawo misali ɗaya daga fannin magani wanda a ganina ya fi kowane misali amsa tambayarki, wato cutar sikila. Linus Pauling da abokan aikinsa sun nuna a 1949 cewa himogulobin, furotin mai ɗaukar oksijin a jini, na mai wannan cuta ya bambanta da na sauran mutane. A shekarun 1956 da 1957 Vernon Ingram ya gano ainihin bambancin: a ɗaya daga sarƙoƙin himogulobin, wadda ake kira beta, mai amino asid 146, na shida ne kawai ya sauya, balin ya maye gurbin gulutamik asid. Max Perutz kuma ya fitar da siffar himogulobin a wajajen 1960. Ke nan jerin da siffar duk sun samu fiye da shekara sittin da suka wuce, amma sai a 1998 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da haidiroksiyuriya a matsayin maganin cutar.

Me ya jawo wannan jinkiri? Idan kika ajiye siffar himogulobin mai sikila kusa da ta lafiyayye, da ƙyar za ki ga bambanci, domin nannaɗewarsu kusan ɗaya ce. Matsalar tana tasowa ne tsakanin himogulobin ɗaya da wani. Gulutamik asid yana da caji, yana son ruwa, balin kuwa yana gudun ruwa. Idan himogulobin ya sauke iskar oksijin, siffarsa takan ɗan juya ta buɗe wani ƙaramin rami a jikinsa, sai balin na himogulobin da ke kusa ya shige ramin, wani ya kama wani, har su zama dogayen zaruruwa masu tauri da ke lanƙwasa jar ƙwayar jini su toshe ƙananan jijiyoyi. Abin da William Eaton da James Hofrichter suka gano a shekarun 1970 shi ne ya fi ba ni mamaki a duk labarin: akwai ɗan jinkiri kafin zaruruwan su fara haɗuwa, kuma tsawon wannan jinkiri yana sauyawa matuƙa da ɗan ƙaramin sauyi a yawan himogulobin da ke cikin ƙwayar jinin. Idan jinkirin ya fi lokacin da ƙwayar jini ke ɗauka ta ratsa ƙananan jijiyoyi ta koma huhu, to ta tsira a wannan zagaye. Cutar tsere ce da lokaci, kuma hoton siffa ba ya ɗauke da lokaci. Daga nan ake fahimtar dalilin da ya sa ƙarancin ruwa a jiki ke tayar da ciwon.

Maganin da ya fi tasiri ma bai taɓa wurin da aka samu sauyin ba. Tun a 1948 Janet Watson ta lura cewa jarirai masu cutar ba sa nuna alamunta a watannin farko, ta danganta hakan da himogulobin na tayi da ke cikin jininsu, wanda ba ya shiga cikin zaruruwan. Haidiroksiyuriya yana ƙara yawan wannan himogulobin ne. Maganin Casgevy, wanda Birtaniya ta amince da shi a Nuwambar 2023 sannan Amurka a Disamba, yana amfani da fasahar gyara ƙwayar gado ta CRISPR wajen raunana makunnin ƙwayar gado ta BCL11A, wadda ke kashe himogulobin na tayi bayan haihuwa. A ɗaya ɓangaren kuma ga voxelotor, wanda aka tsara shi ya kama himogulobin kai tsaye ya riƙe shi a siffar da ba ta mannewa. Hikimar tana da kyau a takarda, an amince da shi a 2019, amma an janye shi daga kasuwa a Satumbar 2024 saboda damuwa kan lafiyar masu shan sa. Babu hasashen siffa da zai iya maye gurbin gwaji a jikin marasa lafiya.

Ɗalibar Kimiyyar Halitta ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malam da Likita. Abin da na fahimta shi ne haɗarin yana cikin mannewar furotin da juna, kamar yadda ake gani a cutar Alzheimer ma. Shin za a iya cewa duk inda furotin ya taru ya zama zare, to illa ce?

Injiniyar Kimiyyar Kayayyaki ta amsa:

A'a, ƙanwata, a fanninmu wannan mannewar ita muke nema ido rufe. Zaren gizo-gizo da kika tambaya a kai furotin ne da ya taru ya zama zare, kuma ƙarfinsa yana fitowa ne daga irin tsarin beta, wato sarƙoƙi a shimfiɗe gefe da gefe, da ake samu a dunƙulen furotin na ƙwaƙwalwar mai Alzheimer. Furotin ɗin zaren, wanda ake kira sifidiroyin, dogo ne ƙwarai, yana da amino asid sama da 3,000, kuma tsakiyarsa maimaici ne na sassa iri biyu. Sassa masu yawan amino asid alanin suna jeruwa su zama ƙananan kiristal masu tauri, masu yawan gilaisin kuma suna zama sakwa-sakwa suna miƙewa idan an ja. Haɗuwar biyun ce ta sa zaren da gizo-gizo ke rataya da shi yake gogayya da ƙarfe idan aka kwatanta nauyi da nauyi, kuma yake shanye ƙarfin bugu fiye da Kevlar, zaren da ake yin rigar sulke da shi, kafin ya tsinke.

An daɗe da sanin jerin, kuma an sa bakteriya da yisti, har da awakin da aka sauya wa ƙwayar gado, su samar da furotin ɗin, tunda shi gizo-gizo ba ya kiwatuwa, cinye juna suke yi. Abin da ya gagara shi ne kaɗin. Gizo-gizo yana ajiye furotin ɗin a jikinsa a matsayin ruwa mai kauri sosai ba tare da ya daskare ba. Yayin da ruwan ke bi ta wani siririn bututu zuwa waje, tsaminsa yana ƙaruwa a hankali ta aikin enzayim mai suna kabonik anhaidires, gishirin da ke cikinsa yana sauyawa, ana zuƙe ruwa, jan da ake yi wa zaren kuma yana miƙar da sarƙoƙin su fuskanci gefe ɗaya. Ƙarshen sarƙar na farko yana kama na 'yar'uwarsa idan tsami ya ƙaru, ƙarshen na biyu kuma yana warwarewa ya zama irin da sauran ke taruwa a kansa. Duk wannan yana faruwa cikin ƙasa da daƙiƙa, a ruwa, ba tare da zafi ba. Auduga ɗaya ce, amma zaren da za a samu ya danganta da hannun mai kaɗi. Ƙungiyar Anna Rising da Jan Johansson a Suwidin ta nuna a 2017 cewa idan aka ƙera gajeren sifidiroyin mai ɗauke da ƙarshen biyu, aka tura shi cikin ruwa mai tsami, yana zama zare ba tare da sinadarai masu guba ba. Ci gaba ne na gaske, kodayake ƙarfin zaren bai kai na asali ba, kuma gajartar sarƙar na daga cikin dalilai, domin bakteriya na wahala wajen haɗa sarƙa mai tsawo da maimaici irin wannan.

Masanin Lissafin Kwamfuta ya amsa:

Na yarda da mafi yawan abin da aka faɗa, amma ina ganin an ɗan rage wa kwamfuta haƙƙinta, kuma bai kamata ɗalibar ta tafi da tunanin cewa hasashen ado ne kawai ba. Cyrus Levinthal ya nuna girman matsalar tun a ƙarshen shekarun 1960: sarƙa mai amino asid 100, ko da kowanne yana da matsayi uku kacal, tana da yiwuwar siffofi 3 sau kansa har sau 100, adadin da ke da lambobi 48. Gano siffa ɗaya a ɗakin gwaje-gwaje yakan cinye wa ɗalibin digiri na uku shekaru, yanzu kuwa mai bincike yana fara aikinsa da ita a hannu, ya san wurin da zai sauya ya ga abin da zai faru.

Sannan rabin kyautar 2024 da aka ba David Baker ba don hasashe ba ne, don ƙirƙira ne. A 2003 ƙungiyarsa ta tsara furotin mai suna Top7 a kwamfuta, mai siffar da ba a taɓa gani a halitta ba, aka haɗa shi, ya nannaɗe kamar yadda aka tsara. A 2022 Koriya ta Kudu ta amince da rigakafin korona mai suna SKYCovione, wanda aka gina a kan wani dunƙulen furotin da aka tsara a kwamfuta ya haɗa kansa da kansa. Wannan mannewa ce da aka sarrafa da gangan, irin wadda Malama Injiniya take nema. AlphaFold 3 da ya fito a 2024 kuma yana hasashen yadda furotin ke haɗuwa da DNA da RNA da ƙananan sinadaran magani, duk da cewa sahihancinsa a nan bai kai na furotin shi kaɗai ba.

Shawarata ga ɗalibar ita ce ta koyi karanta hasashen da idon mai tuhuma. Manhajar tana ba kowane amino asid maki daga 0 zuwa 100 na yadda ta amince da matsayinsa. Abin da ya haura 90 ana iya dogara da shi sosai, abin da ya gaza 50 kuwa bai kamata a ɗauke shi a matsayin siffa ba, kuma sau da yawa alama ce ta sassan nan marasa tsayayyar siffa da Malam ya ambata. Ki buɗe hasashen furotin tau ko alfa-sinukiliyin, waɗanda ke taruwa a cututtukan Alzheimer da Parkinson, ki kwatanta shi da siffofin zaruruwansu da aka ciro daga ƙwaƙwalwar marasa lafiya aka gano da na'urar hangen ilektoron mai daskarewa tun daga 2017. Za ki tarar cewa tau, da jerinsa iri ɗaya, yana nannaɗewa ta hanya daban a cutar Alzheimer da kuma a cutar Pick, kuma har yanzu ana binciken abin da ke zaɓar wace siffa a wace cuta.