Sinadarin wanki daga ƙwayoyin halitta, da wace shara zan fara?

Ɗalibar_Danfodiyo:
Salama alaikum 'yan uwa. Furojet ɗina na aji huɗu malam ya ce in yi kan bayosafaktan, wato sinadarin nan mai sa ruwa ya haɗe da mai kamar na omo, amma wanda bakteriya ko yis ke fitarwa da kansu, kuma ya ce sai dai in ciyar da su da abin da ake zubarwa ba suga na kanti ba. Ni buntun shinkafa na yi niyya tunda ga shi nan tuli a injin casa, ko akwai wanda ya taɓa gwadawa?

MalamNaLab:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata ki bar buntun nan, sugan da ke ciki a ɗaure yake, sai kin dafa shi da asid ko kin sayi enzayim, sinadarin da ke warware sugan, kafin ƙwayoyin su iya ci, kuɗin aljihunki ba zai kai ba. Nemi ruwan gasara ko ruwan da ake matsewa daga rogo, mutanen Barazil sun daɗe suna amfani da ruwan rogo da wata bakteriya, Bacillus subtilis, suna samun surfactin, wani nau'in bayosafaktan, kuma wannan Bacillus ɗin shi ne dai ke ruɓar da kalwa ta zama daddawa, to kin ga ba sai kin je nesa ba, ki sayo daddawa a kasuwa ki ware shi daga ciki. Gwaji kuma ki tace ruwan da kika reni ƙwayoyin a ciki, ki zuba shi da kananzir daidai wa daida a kwalbar gwaji, ki girgiza minti 2 ki aje awa 24, in farin kaurin da suka yi bayan sun haɗe bai rabu ba to kin samu.

Bello_Mabera:
Mu da munka yi namu Pseudomonas aeruginosa anka ba mu, shi ma bakteriya ne, shina bada bayosafaktan da ake kira rhamnolipid sosai amma shina sa cuta, hattara. Kuma kumfa wallahi, kwalba ta cika ta yi ambaliya kan injin girgiza.

MalamNaLab:
Kumfar nan da tacewa su ne ke cinye kuɗin har a masana'anta, shi ya sa sinadarin wankin da ake yi daga fetur ya fi araha har yau. Kamfanin sinadarai na Jamus, Evonik, ma sai 2024 suka buɗe babbar masana'antar rhamnolipid a Silobakiya. Ki riƙa ɗebo ruwan gasarar wuri ɗaya, don na kowace mai koko da irin tsaminsa.

Ɗalibar_Danfodiyo:
Na gode malam, Allah ya saka. Gobe zan kai ma sufabaiza maganar daddawar in ji ko zai yarda a canza.