Tsohon bulon LEGO (bulon roba na wasan yara) da ya yi ɗorawa: a dawo da farinsa ko a bar shi?

Malam Sani: Ni dai ra'ayina, a dawo da farinsa, ya fi kuɗi. A zuba haidurojin na wanke ciwo mai ƙarfin kashi 3 a kwalba, a nutsar da bulon, a ajiye a rana, ana juyawa har launin ya gyaru, sannan a ɗauraye.

Hajiya Binta: Malam, ka fara sanin robar da ke hannunka tukuna. Daga 1949 zuwa 1963 da selulos asitet kamfanin yake aiki, ita kuwa lanƙwashewa take yi in ta tsufa, balle ta sha rana. Wata irin roba mai suna ABS ta zo daga baya. Kifa bulon ka duba: in mai layi biyu ne kuma cikinsa fayau babu bututu, ƙirar kafin 1958 ce, shekarar da kamfanin ya yi rajistar mallakar ƙirar mai bututu a Denmark. Irin wannan ko ruwan ɗumi kada ya gani. Ɗora shi a kan gilashi. In yana rawa, ya riga ya karkace.

Malam Sani: Na ji, Hajiya. Ina maganar na ABS ne, farare da masu ruwan toka na saitin sararin samaniya na wajen 1980.

Usman: Ko su ɗin, Malam, ba na goyon baya. Haidurojin fatar sama kaɗai yake gyarawa, ɗorawar tana dawowa ko a akwati aka rufe shi. In ya daɗe a ciki sheƙin ya dushe, shuɗi ya yi dabbare-dabbare, 'yan maƙalai sirara su riƙa karyewa. Ga wata illa: a 2004 aka sauya ruwan tokar zuwa mai ɗan shuɗi-shuɗi. Tsohon da aka kwashe wa launi ba ya dacewa da na da, ba ya dacewa da sabo, kuma mai tarawa zai gane.

Hajiya Binta: Kuma darajar tana ga cikar saiti ne: kwalinsa, takardar haɗawa, 'yan mutanen da zanen ƙirjinsu bai goge ba. Sabulu marar ƙarfi, ruwan da bai wuce digiri 40 ba, shanya a inuwa, ya wadatar.

Malam Sani: Na wasan yara da aka tsinto a gwanjo fa?

Usman: Wannan ba laifi. Amma in za ka sayar, wajibi ne ka gaya wa mai saye an sa shi a haidurojin.