Makin kalshiyam ya fito sifili: a sallami mutum ko a ci gaba da bincike?

Daga zauren ma'aikatan lafiya na Gombe

Dakta Umaru: Salamu alaikum. Ni dai a ganina, wanda aka yi wa hoton CT na awon kalshiyam, makinsa ya fito sifili, jijiyoyin zuciyarsa garau suke. Ba allura, ba ruwan rini (ruwan da ake sa wa a jini don jijiyoyi su fito a hoto), cikin 'yan mintuna an gama. Don me za a ɗora wa mutumin da ya taso tun daga Dukku kuɗin wani hoton?

Dakta Hajara: Wa alaikumus salam. Likita, da sauran rina a kaba. Ma'aunin Agatston, wanda da shi ake fitar da makin, tun fitowarsa a 1990, abin da ya kai 130 HU (awon taurin abu a hoton CT) kawai yake ƙirgawa, wato kitsen da ya riga ya ƙandare a bangon jijiya. Mai taushin, wanda fatarsa ke yagewa jini ya daskare a kai, ba ya fitowa. Ga dattijo ɗan shekara 60 da ba ya jin komai, sifili albishir ne. Ɗan shekara 40 mai shan taba ko mai ciwon suga, wanda ƙirji ke danne shi in ya hau bene, a yi masa CT mai rini.

Malam Sani, mai ɗaukar hoto: Hajiya, shi ma mai rinin yana da sharuɗɗa. Na'urar ta zama mai ɗaukar aƙalla yanka 64 na hoto a zagaye ɗaya. Bugun zuciya ya sauko kusan 60 a minti, galibi da maganin metoprolol, sai dai a kula da mai asma. A duba ƙoda kafin rini, musamman a zafin Maris da Afrilu da mutane ke zuwa a bushe. Kafin a sa nitroglycerin, maganin buɗa jijiya, ƙarƙashin harshe, a keɓe namiji a tambaye shi maganin ƙarfin maza. Ana samun sildenafil, wato Viagra, a wasu haɗe-haɗen kasuwa, in ya gamu da nitroglycerin jini ya faɗi warwas. Kuma in kalshiyam ya yi yawa, kamar 400 zuwa sama, haskensa kan bazu a hoto, toshewar ta fi gaskiyarta girma.

Dakta Umaru: To ai gara a tafi kateta kai tsaye, a zura siririn bututu cikin jijiya a ɗauki hoto.

Dakta Bappa: A'a, ƙanena. Rinin kateta ramin jijiya yake nunawa, ba bangonta ba. Wani mai bincike, Glagov, ya nuna a 1987 cewa jijiya kan buɗe ta waje, rami bai fara tsukewa ba sai kitse ya ci kusan kashi 40 cikin ɗari. CT mai rini yana ganin wannan kumburin, da kitse mai taushi, mai ƙasa da 30 HU. Kaurin fatar da ta rufe kitsen kuwa sai an shiga ciki: OCT, hoton cikin jijiya da haske, na rarrabe maikuron 10 zuwa 20 (maikuron dubu ne milimita ɗaya), shi ke ganin fatar da ba ta kai maikuron 65 ba, amma sai an kore jini da rini. IVUS, hoton cikin jijiya da sauti, ya fi shi nutso, bai kai shi kaifi ba. Waɗannan na wanda ya riga ya hau gadon kateta ne.

Dakta Umaru: Ranka ya daɗe, a kan wanda ba ya jin ciwo ina nan kan bakana. In makin ya kai 100 na ba shi statin, maganin rage kitsen jini, bayan shekara na sake hoto.

Dakta Hajara: Statin ɗin daidai ne, sake hoton ne asarar kuɗi. Statin kan ƙandarar da kitse, makin ya hau alhali haɗarin na raguwa. LDL ɗinsa, wato mugun kitsen jini, za ka auna bayan mako 4 zuwa 12.